Bayan Takaba Na Koyi Hawa Keke

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni Bazazzagiya ce, haihuwar cikin birni, amma na haura shekara ashirin ina zaune a Jamus. Na daɗe ina jan ƙafa kafin in rubuta wannan labari, don mu ba a raine mu da baza cikinmu a gaban jama'a ba. Abin da ya sa na daure shi ne na san akwai mata irina a ƙasashen nan, waɗanda mutuwa ko saki ya bari a ɗaki su kaɗai, ana ta yi musu waya daga gida ana cewa su yi haƙuri, su kuma suna amsawa da alhamdu lillahi alhali suna narkewa.

A gidanmu keke kayan maza ne. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, yana da Raleigh baƙi wanda yake hawa daga birni ya fita ta Ƙofar Doka zuwa rumfarsa a Sabon Gari. Yayyena maza duk a kansa suka koya, suna zura ƙafa ta ƙarƙashin ƙarfen tsakiya don ba su kai sirdi ba. Mu mata namu shi ne gogewa idan an aike mu. Babu wanda ya taɓa ce min haramun ne. Ba a dai yi, shi ke nan, kuma ban taɓa jin ya dame ni ba.

An yi min aure ina da ƙuruciya. Maigidana ya karanta aikin injiniya, ya samu gurbin ƙaro karatu a Jamus, daga baya aiki ya riƙe shi. Na bi shi da goyon 'yarmu ta fari, muka zauna a Regensburg da ke jihar Bavaria, aka haifi ƙaninta a can bayan wasu shekaru. Na koyi Jamusanci da ƙyar, na samu aiki a gidan kula da tsofaffi. Kogin Danube ya ratsa tsakiyar garin, akwai wata gadar dutse a kansa da aka gina tun ƙarni na 12, mutane daga ko'ina suna zuwa ɗaukar hotonta. Ni kuwa, ido wa ka raina? Wanda nake gani kullum. Ina wuce kogin ta tagar bas, hankalina yana kan cefane.

Shi marigayi ya bambanta da ni. A keke yake zuwa aiki, rani da ɗari, sai in ƙanƙara ta rufe hanya. Shi ya koya wa yaran biyu. Ya kan ce da ni in zo in gwada, in yi dariya in ce ya rufa min asiri, uwar 'ya'ya guda a kan keke ai sai a yi da ni. Yana da son tarihi kamar me. Ya sayi wani ƙaramin littafin taswira na hanyar keke da ta bi gefen Danube daga Passau zuwa Biyana, babban birnin Ostiriya, kullum yana cewa in yara suka tasa za mu je gaba ɗayanmu. Ni dai in ce Allah Ya kai mu, irin amsar da ake ba mutum don ya bar zancen.

A watan Nuwamba na 2019 zuciyarsa ta buga. Ina wurin aikin dare aka kira ni. Kafin in isa asibiti an riga an rufe masa fuska.

Yayansa ya so a kawo gawa gida. Na yi shawara da limamin masallacinmu da wasu dattawan Hausawa 'yan Ghana da Nijar da muke zumunci da su, aka tsaya a kan cewa gaggauta binnewa ya fi, aka sa shi a ɓangaren Musulmi na wata maƙabarta a nan. Wannan hukunci ya ɓata wa wasu danginsa rai, har yau akwai wanda gaisuwarmu ba ta wuce a baki. Ban ga laifinsu ba, kuma da za a maimaita, abin da zan yi ke nan.

Wanda bai yi zaman makoki a Turai ba ba zai gane ba. A gida, in aka yi mutuwa, tsakar gida cika take yi. Wata ta ɗora tukunya, wata ta karɓe miki yaro, wata tsohuwa ta zauna kusa da ke ba ta ce komai sai jan carbi. Kukanki ma da 'yan tayi. A nan mutane sun zo, Allah Ya saka musu, amma kowa yana da aikin da zai koma washegari. Bayan addu'ar bakwai gidan ya yi tsit. Takabata ta faɗo a tsakiyar hunturu, lokacin da rana take faɗuwa tun ƙarfe huɗu da 'yan mintoci. Wata huɗu da kwana goma ina kallon bango ɗaya. Abin da nake riƙe da shi a rai shi ne da na fita zan kwashi yara mu je Zariya in ga Inna, in yi kuka a cinyarta.

A makon da na fita takaba aka kulle Bavaria saboda korona. A watan Maris ɗin nan na 2020 Najeriya ma ta rufe filayen jiragen samanta. Na koma aiki a lokacin da tsofaffin da nake kula da su suke mutuwa ba tare da 'ya'yansu sun samu shiga ganinsu ba. In dawo gida in yi wanka in shige ɗaki. Barci ya ƙaurace min. Na koma cin dare, burodi da shayi mai sukari, jiki ya yi ta buɗewa, ƙafafu suna kumbura. Waya kuwa ba ta fasa shigowa ba. Wannan ya ce in tattaro in dawo gida, wancan ya ce akwai wani Alhaji da matarsa ta rasu, mace ba ta zama haka. Kowa alheri yake nufi, amma ba wanda ya tambaye ni ko ina iya barci.

Sai da jiri ya kayar da ni a wurin aiki sannan na ga likita. Ta ce jinina ya hau, suga ya shiga, ta kuma yi min wasu tambayoyi da suka sa na fashe da kuka a gabanta. Ta ce ciwon damuwa ne, kuma ciwo ne kamar kowane ciwo. Na ce mata ni Musulma ce, na yarda da ƙaddara. Ta ce ba ta musa ba, amma ai na yarda da ƙaddara kuma na karɓi maganin hawan jini. Ta rubuta min magani, ta haɗa ni da mai ba da shawara, ta ce lallai in riƙa motsa jiki kullum. Maganin na sha. Motsa jikin ne na rasa ta inda zan fara, don tafiyar ƙafa gwiwoyina ba sa ɗauka.

Akwai wata tsohuwa Bajamushiya a benenmu, ta haura saba'in, mijinta ya daɗe da rasuwa. Ba mai yawan fara'a ba ce, mun yi shekaru gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Da aka sassauta kulle, rannan ta tare ni a matakala ta miƙo min wata takarda, ta ce akwai wasu mata da suke koya wa mata baƙi hawa keke ranar Asabar a filin wata makaranta, babu namiji ko ɗaya. Na ce na gode. Ranar Asabar sai ga ta tana ƙwanƙwasa ƙofa da takalminta a ƙafa. Kunyar idonta ce ta fitar da ni.

Na tarar da mata 'yan Siriya, 'yan Afganistan, 'yan Eritiriya, wata ma ta girme ni. An cire wa kekunan feda, aka sauke sirdi ƙasa, sai ki zauna ki riƙa turawa da ƙafa har jikinki ya gane daidaito da kansa. Na sha ƙasa ba kaɗan ba. Gwiwa ta goge, tafin hannu ya goge, mu tashi muna yi wa juna dariya da harsunan da ba ma ji. Tun rasuwar, a filin nan na fara jin sautin dariyata. Sutura kuwa ba ta zama matsala ba kamar yadda na zata: wando mai faɗi da ake ɗaure bakinsa kada sarƙa ta kama, riga har gwiwa, ƙaramin hijabi a cusa cikin wuyan riga, hular kwano a sama. Ranar da aka mayar da feda na zagaye filin ban sa ƙafa a ƙasa ba, tsohuwar nan tana tsaye a bakin shinge, ta gyaɗa kai sau ɗaya ta juya ta tafi gida.

Labari ba ya ɓuya. Wata ta ɗauki hotonmu, ya zaga har ya isa zauren WhatsApp na dangi. Aka ce matar marigayi ta zama Baturiya, ƙasar kabarin mijinta ba ta bushe ba tana yawo a keke. Ya yi min ciwo sosai. Na kira Inna ina shirin ba da haƙuri, sai ta ce, "Ke 'yar nan, jikinki a rufe yake?" Na ce a rufe yake, Inna. Ta ce, "Likita ne ya sa ki?" Na ce shi ne. Ta ce, "To masu maganar su za su sha miki maganin?"

Sai dai akwai wani abin da keke bai taɓa ba, wato tsakanina da 'yata. 'Yar fari ce, kun kuwa san yadda muke da 'ya'yan fari. Ba na kiran sunanta, ba na jan ta a jiki a gaban mutane, haka aka yi min, haka na taso na gani. A gida wannan ba komai ba ne, don yarinya tana da kaka da gwaggo da inna ƙarama da za ta kai wa kukanta. A nan ba ta da kowa sai ubanta, shi ne abokin hirarta. Da ya tafi sai muka zama mata biyu a gida ɗaya, kowa tana lallaɓa 'yar uwarta. Ta shiga koyon aikin jinya, tana dafa abinci, tana duba karatun ƙaninta, ba ta taɓa kuka a gabana ba. Ni kuma ina cewa a raina yarinyar nan akwai tawakkali.

Ita ce ta sauka ɗakin ajiya na ƙasa neman famfon keke ta ci karo da littafin taswirar nan a jakar kekensa. Ashe ya bi shi shafi-shafi da fensir. Nan ya rubuta akwai masallaci, nan shagon Turkawa, nan a hau jirgin fito, nan kuma ya ja layi ya rubuta "Ummansu za ta so wurin nan." Ta ajiye min a kan tebur ba ta ce komai ba. Na kwana ina juya shi. Da safe na ce, "Ke, in kin samu hutu, za ki raka ni?" Ta ce, "Umma, kilomita ɗari uku da wani abu ne fa." Na ce na gani, ai ya rubuta.

Muka tsayar da watan Yuli na 2022, bayan babbar salla. Na yi dambun nama da naman layya, na cika roba biyu. Ƙaninta muka bar shi gidan wasu 'yan uwa Hausawan Kumasi saboda makaranta ba ta yi hutu ba. A bazarar nan gwamnatin Jamus ta fito da tikitin Yuro 9 na wata guda, da shi muka hau jirgin ƙasa zuwa Passau, kekuna kuma muka biya musu nasu daban. Ita ta hau keken mahaifinta, an sauke mata sirdi.

A Passau koguna uku ne suke haɗuwa: Danube, da Inn mai ruwan kore-kore da ya gangaro daga tsaunukan Alps, da ɗan ƙaramin Ilz mai baƙin ruwa. In kin tsaya a ƙarshen garin, inda suke haɗuwa, za ki ga kowanne da launinsa suna tafiya gefe da gefe kafin su gauraya. A bangon majalisar gari an zana iyakar da ambaliya ta kai a shekaru daban-daban, ta 2013 tana can sama, ruwan ya kusa kai mita 13, sai kin ɗaga kai. Daga nan muka kama hanya. Yawancinta shimfiɗaɗɗiya ce, babu mota, domin asalinta turbar dawakai ce da suke jan jiragen kaya da igiya suna haurawa da su kogi kafin a samu injin. Tun da ruwa muke bi, gangara ce a hankali, iska ma galibi daga yamma take turo mutum. A gefen kogi akwai alluna masu lamba, a Passau sun haura 2,200, suna raguwa in kina tafiya, saboda daga inda kogin ya faɗa Baƙin Teku ake fara ƙirga shi.

Ba mu san lokacin da muka shiga Ostiriya ba, sai dai muka ga alamar hanya ta canja bayan madatsar Jochenstein. Duwatsu masu duhun itatuwa suka matso kogin dama da hagu. A Schlögen kogin ya ci karo da dutsen da ya gagare shi, sai ya yi kwana ya koma baya kamar zai fasa tafiyar, ya sake juyowa. A ɓangaren da muke hanya ta ƙare, muka shiga wani ɗan jirgin fito na katako da kekunanmu aka tsallakar da mu. A daren farko jikina ya zama kamar an daka ni a turmi. Na kasa zama a kan kujera. Na yi sallar magariba da isha a haɗe, ina sujada ina nishi, ita kuma tana toshe baki kada in ji dariyarta.

Abinci ya so ya ba mu wahala a ƙauyuka, don ƙasar naman alade ce da barasa. Muka dogara da burodi, cuku, ƙwai, kifi in an samu, da dambunmu. Salla kuwa muna yin ƙasaru, mu shimfiɗa ɗankwali a kan ciyawa a bakin ruwa. Masu wucewa wasu su kalle mu, wasu su gaishe mu. Mutum ɗaya ne ya faɗi wata baƙar magana yana wucewa, 'yata ta mayar masa da irin Jamusancin da ya sa ya ƙara sauri. Ban tambaye ta me ta ce ba. A Ottensheim na ga abin da ya burge ni: jirgin fito babba, har motoci yake ɗauka, amma ba inji ne yake tura shi ba. An ɗaure shi da wata igiyar ƙarfe da ta ƙetare kogin, sai a karkata shi, ƙarfin ruwan da kansa ya kai shi ɗaya gaɓar. A Linz muka ci shawarmar Turkawa har muka yi guzuri.

Gaba da Linz da kamar kilomita ashirin akwai Mauthausen. Marigayi ya yi wa wurin alama a littafin, don haka muka tura kekuna muka hau tudun. Sansanin tsare mutane ne da 'yan Nazi, wato mutanen Hitler, suka buɗe a 1938 kusa da mahaƙar dutse, sojojin Amurka suka 'yantar da shi ranar 5 ga Mayu 1945. Kimanin mutum 190,000 aka tsare a nan da rassansa, aƙalla 90,000 ba su fita da rai ba. Akwai matakala mai hawa 186 da ake tilasta wa fursunoni su hau da ƙaton dutse a baya, in na gaba ya faɗi ya kwashe na bayansa. Akwai wani ɗaki mai duhu da aka rubuta sunayen matattu, ba iyaka. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne in kin leƙa ta kan katanga, gonaki ne kore shar da gidajen manoma, kuma haka suke a lokacin. Muka fito ba mai magana.

Daga nan zuwa Grein fili ne, hanyar ta hau kan jingar da aka yi don tare ambaliya, gonakin masara dama da hagu, zafi kamar a gida. Muna tafe kafaɗa da kafaɗa, kowa idonta a gaba. Sai na ji ta fara magana da Jamusanci, a hankali. Ta ce daren nan ita ce ta ji faɗuwarsa a banɗaki. Ta kira motar asibiti, aka ce ta danna masa ƙirji, ta yi ta dannawa har ta ji wani abu ya ƙarye a ƙarƙashin hannunta, ta tsorata ta dakata, sai da muryar da ke waya ta daka mata tsawa ta ci gaba. Ta ce tun ranar take lissafin daƙiƙun da ta tsaya. Ta ce abin da ya kai ta aikin jinya ke nan, tana so ta gano ko ita ce ta kashe Abba.

Shekararta goma sha takwas a lokacin. Na san ita ta kira motar, amma ban san sauran ba.

Bakina ya fara da abin da ya saba, na ce kwana ne ya ƙare. Ta ce, "Umma, kowa haka yake ce min." Sai na tuna abin da likitan zuciya ya gaya min a daren, wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba saboda ban ga amfaninsa ba. Ya ce babbar jijiyar zuciyar ce ta toshe gaba ɗaya, ko a gadon asibiti abin ya same shi da wuya a ceto shi, kuma duk wanda ya danna ƙirjin nan ya yi daidai, karyewar haƙarƙari alama ce ta an danna da ƙarfin da ake buƙata. Na faɗa mata kalma da kalma. Ta taka birki ta sauka, ta zauna a gefen jinga ta yi kukan da ta riƙe kusan shekara uku. Na jingine kekena na zauna na jawo kanta kan cinyata, na kira sunanta. Masu kekuna suna ta wucewa, ba wanda ya tsaya, na kuma gode musu da hakan.

Na sha tunanin me ya sa sai a can maganar ta fito, ba a falonmu ba. Abin da na gano shi ne a kan keke ba a kallon ido. Ni da ita ba za mu iya zama fuska da fuska mu faɗi irin wannan ba, kunya ba za ta bari ba. Amma ga hanya a gaba, ga gajiya ta sassauta mutum, ga ba ƙofar ɗakin da za a shige a rufe.

Bayan ranar tafiyar ta canja. Ta yi ta ba ni labarin ubanta da ban sani ba, ni ma na ba ta na zamanin da yake zuwa zance zauren gidanmu, yadda yayyena suke sace masa iskar taya. Muka wuce Grein da Ybbs, muka hango Melk tun daga nesa, wani ƙaton gini ruwan ɗorawa a kan dutse, gidan ibadar rahiban Kirista da suke zaune a wurin tun 1089. Mun shiga ɗakin littattafansu, rubuce-rubucen hannu jere har rufi.

Daga Melk zuwa Krems shi ake kira Wachau, bai kai kilomita arba'in ba, kuma UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. A nan ne marigayi ya ja layin nan ya ce zan so wurin, kuma ya san matarsa. An sassaƙa duwatsu hawa-hawa an dasa inabi, ƙauyuka masu siraran lunguna, ga lokacin nunar wani ɗan itace da suke kira Marille, ruwan lemo, girman ƙwan kaza, mai zaƙi da ɗan tsami. A ƙofar gonaki za ki ga tebur da kwanduna da ƙaramin akwati, babu mai tsaro, ki ɗauka ki jefa kuɗin. Na manta da suga na ci har 'yata mai aikin jinya ta ƙwace kwandon. A wani masauki a Spitz matar gidan da ta ga hijabinmu ba mu ce komai ba ta ce ta soya mana kifi a kasko daban. A nan ne kuma tayata ta yi faci, na cire ta na liƙe da hannuna yadda aka koya mana, 'yata tana riƙe da waya tana ɗauka don ƙaninta ya gani.

A Dürnstein akwai kufan wata fada a kan tsauni. A cikinta aka tsare Sarkin Ingila Richard a ƙarshen 1192, yana hanyar komawa gida daga yaƙin da ya gwabza da Salahuddin al-Ayyubi a kan Ƙudus. Sarkin yankin, Leopold na Biyar, wanda suka yi saɓani da shi a fagen yaƙin, shi ya kama shi, sai da Ingila ta tara fansa mai yawan gaske aka sake shi. Marigayi ya cika gefen shafin da rubutu a kan wannan. Ni gwiwa ta hana ni hawa, na zauna a inuwa kusa da hasumiyar cocinsu mai shuɗin fenti, ita ta hau ta karanta masa Fatiha a can sama.

Bayan Krems ƙasar ta baje, iska ta juyo tana dukan fuska, ranar ban ji daɗinta ba ko kaɗan. Abin da na riƙe kawai shi ne Zwentendorf, inda hanya ta bi ta gindin wata tashar lantarki ta nukiliya da aka gina aka gama, sannan aka yi ƙuri'ar raba gardama a 1978, masu cewa a'a suka yi rinjaye da ƙyar, ba a taɓa kunna ta ba. Mu da muka saba ganin manyan ayyuka an gina an yasar, na ce ashe su ma suna yi, sai dai su an tambaye su.

Muka kwana a Tulln, washegari muka wuce Klosterneuburg, tudun Kahlenberg yana damanmu, inda rundunar Sarkin Folan Sobieski ta gangaro a 1683 ta karya ƙawanyar da Daular Usmaniyya ta yi wa Biyana. Muka tsallaka zuwa wani dogon tsibiri mai kilomita 21 da aka ƙirƙira a tsakiyar kogin don kare birnin daga ambaliya. Daga kansa muka hango hasumiya da ƙubba. Babban masallacin Biyana ne, wanda Sarki Faisal na Saudiyya ya ba da kuɗin gininsa, aka buɗe shi a 1979. A nan fensirinsa ya tsaya. Muka ɗaure kekuna, muka yi alwala, muka bi azahar a sahun mata tare da Turkawa da 'yan Bosniya. Wata dattijuwa ta ga hular kwano a hannuna ta tambaya daga ina, da na ce Passau sai ta kama hannuna tana nuna ni ga ƙawayenta.

Ba zan ce muku na warke ba. Har yanzu in Nuwamba ta kama, duhun nan yana dawowa, kuma ban daina ganin mai ba ni shawara ba. Amma an rage min maganin suga, jinina ya daidaita, ina barci. Aiki a keke nake zuwa. Ranar Asabar ina cikin masu riƙe wa sababbin mata sirdi a filin makarantar nan, cikinsu har da Hausawa biyu da sai da na je na roƙi mazajensu da kaina. Na je Zariya na ga Inna, na yi kukan da na yi niyya, maganar Alhajin nan kuma na ce a bar ta tukuna. Komawa gida gaba ɗaya ban yanke ba, sai autana ya gama makaranta.

Shi autan ma ya tayar da rigima, wai an tafi an bar shi. Ya samo littafin kashi na gaba, daga Biyana zuwa Budapest ta Bratislava, yana bin sa da fensir. Na ce masa sai likitan ƙashi ya duba gwiwata ta hagu, kuma sai ya kawo sakamako mai kyau a lissafi. Yayarsa ta riga ta nemi hutun watan Agusta.